Zumunci da Mutuwa a Littattafan Farko na Zariya

A gindin Dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, nan garin Wusasa yake. Daga can ne aka sami John Tafida, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta wa samarin ƙasar Hausa labarai da boko.

Asalin abin kuwa, cikin shekarar 1933 Dr. R. M. East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya sa gasa tsakanin malamai, don yara masu fita makaranta su sami abin karantawa. Aka zaɓi littattafai biyar aka buga. Marubutan ba su ɓoye wa yara mutuwa ba. Da ita ma suka gwada musu nauyin zumunci.

Dubi Jiki Magayi, wanda John Tafida da East suka rubuta tare. Wani attajiri, Malam Shehu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Asirin bai faɗa kan attajirin ba, sai kan ɗansa Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Iyaye suka ci tsamiya, haƙoran ɗa suka mutu.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, an sace Umar yana ƙarami, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta bi sawu, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Ba ta sadu da ɗanta ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta gan shi, ta cika.

Wajen abuta, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Musa ɗan Sarki ya ƙi zama gida domin Mahmudu, wanda suka tashi tare, ya tafi yaƙi. Kullum dare aku na tsare shi da labari har gari ya waye, don Waziri na haƙonsa a waje ya halaka shi.

To, mai karatu, in ɗanka ya iya haɗa baƙi, ba shi waɗannan littattafai. Ka zauna kusa, ya karanta maka da ƙarfi. In ya kai inda uwar Umar ta rasu ya yi shiru, kada ka gaggauta shi.