Yadda Aka Soke Aikin Tilas A Arewacin Kamaru

Gabatarwa

A tarihin Amurka akwai wani zamani, daga wajen 1890 zuwa 1920, da masu neman gyara suka matsa wa hukuma har aka kafa dokokin kare ma'aikatan masana'antu, mata kuma suka sami damar jefa ƙuri'a. Arewacin Kamaru ma ya ga irin wannan gyara, sai dai nasa ya zo ne tsakanin 1944 da 1956, kuma buƙatar farko a nan ita ce a daina sa mutum aiki ba da yardarsa ba.

Halin Da Ake Ciki Kafin Gyara

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta a 1915, daga nan yankin ya koma hannun Faransa. Turawa sun tarar da sarautar lamido wadda ta kafu tun jihadin Modibbo Adama, sai suka bar ta, suka mayar da ita hanyar isar da umarninsu. Idan kumandan yana son leburori, lamido yake faɗa wa adadin. Lamido ya aika wa masu unguwanni da dagatai, dogarai kuma su tattaro mutane. Nauyin yakan faɗa kan talakawa da bayi da ƙabilun da ba Musulmi ba, irin su Fali na kewayen Garwa. Su ne ke gyaran hanya da dako da lodin jiragen ruwa a tashar Binuwai, wadda ba ta aiki sai da damina in kogi ya cika. Akwai kuma wata doka ta musamman ga 'yan ƙasa, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, Faransa ta amince da ita a 1937. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Kamaru ta bi Janar de Gaulle a watan Agusta 1940, buƙatar leburori ta ƙaru.

Dokokin Gyara

A farkon 1944 de Gaulle ya tara gwamnoninsa a Brazzaville, inda aka ba da shawarar kawar da aikin tilas sannu a hankali. A watan Agustan shekarar aka halatta ƙungiyoyin ƙwadago. A Satumba 1945 ma'aikata a Duwala suka shiga yajin aiki, Turawa mazauna garin suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka. Dokar ɗauri ba shari'a ta faɗi tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946, sannan ranar 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta haramta aikin tilas baki ɗaya, bisa ƙudurin Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. Kundin dokokin ƙwadago na 15 ga Disamba 1952 ya ƙayyade aikin awa 40 a mako, ya tabbatar da haƙƙin yajin aiki. A 1956 aka ba kowane baligi, namiji da mace, damar zaɓe.

Abin Da Ya Jinkirta Su A Arewa

An tsara waɗannan dokoki ne don mai karɓar albashi, alhali masu albashi a Garwa da Marwa da Ngaundere tsiraru ne: akawuna, direbobi, ma'aikatan gidan waya da leburorin tasha. Akasarin jama'a manoma ne da makiyaya, kuma noman gandun lamido ana lissafa shi cikin al'ada, sufetan ƙwadago ba ya bin sawunsa. Da kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya shigo a farkon shekarun 1950, shi ma da sarakuna ya dogara wajen sa manoma su ware fili don auduga.

Cikin tsirarun masu albashin nan Ahmadu Ahidjo ya fito. An haife shi a Garwa a 1924, ya yi aikin tangaraho a gidan waya, aka zaɓe shi majalisar Kamaru a 1947. Da ya zama firaminista a Fabrairu 1958, ya kafa jam'iyyar Union Camerounaise a Garwa da goyon bayan sarakuna. Ya zaɓi sulhu da su, yana rage ikonsu a hankali ta hannun jami'an gwamnati, don kada ya rasa ƙuri'un Arewa.

Kammalawa

Dokar 1946 ta karɓe ikon tilasta aiki daga hannun kumandan a rana guda, amma wanda ke hannun masarauta ya ɗauki shekaru kafin ya yi sauƙi. Don haka ɗalibin da ke nazarin kowace dokar gyara ya kamata ya tambayi abu biyu: wa aka rubuta ta dominsa, kuma ta hannun wa za ta bi kafin ta isa ga talaka.