Tarihin Haruffa Masu Ƙugiya Tsakanin Alƙalami da Na'ura

Haruffa masu ƙugiya, waɗanda wasu ke kira masu lanƙwasa, su ne ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ wadda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a gurbin 'y ta Nijeriya, kuma duk da ƙanƙantar alamar da ta raba su da b da d da k da y, tarihinsu na kusan shekara casa'in ya nuna yadda na'urar da aka ƙera a wata ƙasa, domin bukatun wasu mutane, take iya yanke wa harshe hukunci kan yadda za a rubuta shi. Tun daga tafireta zuwa kwamfuta da wayar salula, babu na'urar rubutu ɗaya da ta iso ƙasar Hausa da waɗannan haruffa a jikinta, sai dai a bi ta daga baya da gyara ko da dabara, kuma kowace dabara ta bar tabonta a rubutun mutane har bayan da dalilin yin ta ya kau.

Sautukan da haruffan ke wakilta suna cikin ginshiƙan tsarin sautin Hausa. Masana furuci suna kiran ɓ da ɗ haɗiyau, domin a yayin furta su maƙogwaro yakan yi ƙasa kamar mai shirin haɗiye iska, suna kuma kiran ƙ tunzuɗau, saboda maƙogwaro yakan yi sama ya tunzuɗo iskar da aka tare da ƙarfi. Bambancin yana sauya ma'ana baki ɗaya: kafa ba ƙafa ba ce, daidai ba ɗaiɗai ba ne, baki dabam baƙi dabam, kuma wanda ya rubuta cewa wata mata ta yi bari alhali ɓari yake nufi ya isar da labarin da ba shi ya faru ba. Malaman ajami, wato rubutun Hausa da haruffan Larabci, sun san da wannan tun kafin zuwan Turawa, shi ya sa suka ware harafin da almajirai ke kira ɗa mai hannu domin sautin ɗ, suka kuma ba ƙ harafin ƙaf, ko da yake ba su haɗu kan hanya guda ta raba ɓ da b ba.

Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffan Romawa, irin su J. F. Schön wanda ya wallafa nahawunsa a 1862, kunnensu bai kama waɗannan sautuka sosai ba, kuma waɗanda suka biyo baya, da suka gane akwai bambanci, kowa ya bi hanyar da ta yi masa: wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya waƙafi a gabansa ko a bayansa. Bayan gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko a kan ajami domin ayyukanta, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma har lokacin da babban ƙamusun Bargery ya fito a 1934 ƙugiyar ba ta zauna ba. Tunanin ƙera sababbin haruffa a maimakon ɗigo da waƙafi ya samu ƙarfi ne daga cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Vischer yana cikin jagororinta, kuma hujjarta mai sauƙi ce: ɗigo yakan ɓace a wurin ɗab'i, mai rubutu da hannu yakan manta shi, amma harafin da siffarsa ta bambanta ba ya ɓuya. A ƙarshen shekarun 1930 hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi ɓ da ɗ da ƙ, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan Kamfanin Gaskiya da na hukumar adabi ta NORLA, suka saba wa idon mai karatu da su har suka zama kamar da su aka haifi boko.

Maɗaba'a ba ta sha wahalar karɓar sababbin haruffan ba, domin a zamanin ɗab'i da dalma kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da ake zubawa, kuma kamfanin da ke da kuɗi da niyya yana iya sa a zuba masa duk siffar da yake so. Matsalar ta fito ne a ofis. Tafiretocin da suka cika ofisoshin En'e da kotuna da makarantu an ƙera su ne domin Ingilishi, na Nijar kuma domin Faransanci, don haka akawu ko mai buga takarda yana da zaɓi uku kawai: ya bar harafin haka nan, ko ya sa masa waƙafi, ko kuwa ya gama bugu ya koma da biro yana bin layi-layi yana lanƙwasa kan kowace b da d da k da ta cancanta. Ɗaliban sashen Hausa da suka rubuta kundayen digiri a wancan zamani sun san wannan aiki na ƙarshe, wanda kan ci kwanaki, kuma duk kulawar mutum sai wasu sun kuɓuce masa. A nan ne aka fara samun Hausa iri biyu a rubuce, ta littafi mai ƙugiya da ta ofis maras ƙugiya, kuma ta biyun ce mutane suka fi cin karo da ita a sammaci da takardar haraji da wasiƙar hukuma. A shekarun 1980 an yi yunƙurin magance wannan a Nijeriya ta hanyar tsara jerin haruffa guda da zai wadaci manyan harsunan ƙasar, aikin da masaniyar harshe Kay Williamson ta taka rawa a cikinsa, mashahurin mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf kuma ya zana siffofinsa, sai dai yunƙurin ya zo ne a daidai lokacin da tafireta kanta ke shirin barin fage.

Ta fuskar hukuma dai haruffan ba su rasa goyon baya ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta riƙe su, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 domin daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma ya amince da ƙugiya ga Hausa da Fulatanci, Nijar kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutunta a 1999 da ƴ a ciki, abin da ya sa har yau ake rubuta ƴaƴa a Damagaram, 'ya'ya a Kano.

Kwamfuta ta zo da tarnaƙi mafi tsanani, saboda ita ba ta san harafi ba sai lamba, kuma jadawalin da ya ba kowane harafi lambarsa, wanda ake kira ASCII, an tsara shi ne a Amurka a shekarun 1960 da gurabe 128 kacal, waɗanda suka ƙare a kan haruffan Ingilishi manya da ƙanana, da alƙaluman ƙidaya, da alamomin rubutu, da wasu umarnai na na'ura. Da aka faɗaɗa shi zuwa gurabe 256, harsunan Turai ne suka cinye ƙarin. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da adabin kasuwar Kano ke bunƙasa, wato littattafan da marubuta matasa suka riƙa bugawa da kuɗinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda akasari a shagunan buga takardu ake shirya su, don haka bukatar ƙugiya a kwamfuta ta zama ta kasuwa, ba ta jami'a kaɗai ba. Mafitar da aka samu ita ce ƙirƙirar zubin haruffa na musamman, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta irin siffar da za ta zana idan an danna wani maɓalli, kuma a Kano an fi sanin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990, masu suna Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbi: a ɗauki maɓallin da Hausa ba ta bukata, kamar q ko x ko v, ko wata alamar baka, a ɗora masa siffar harafi mai ƙugiya, ta yadda mai bugu zai ga ƙ a allo da kan takarda alhali a cikin ƙwaƙwalwar na'ura q ce ko wata alama.

Wannan dabara ta yi wa ɗab'in Hausa hidima babba, kuma ba adalci ba ne a raina ta saboda aibin da ya bayyana daga baya, domin a lokacin babu wata hanya da ta fi ta. Aibin shi ne duk sa'ad da rubutun ya bar kwamfutar da ke da zubin, rigar aron takan faɗi. Shi ya sa har yau mai bincike a intanet ke cin karo da kundaye da maƙalu da aka rubuta }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~angare a maimakon ɓangare, ko kuma qasa da xaya da vangare, kuma duk wanda ya nemi kalmar da rubutunta na daidai ba zai ga waɗannan takardu ba ko da suna nan jibge. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne q ɗin ta samu rai na kanta, har matasan da ba su taɓa ganin wancan zubi ba suna rubuta qarya da qauna a Facebook da WhatsApp, suna ɗaukar ta a matsayin hanya sananniya ta nuna ƙ.

Alhali kuwa maganin gaskiya ya riga ya wanzu tun 1991, shekarar da aka fitar da Unicode, wato babban jadawalin da ya ƙuduri ba kowane harafi na kowane harshe lamba tasa ta dindindin, kuma haruffan Hausa masu ƙugiya suna ciki tun farkon tafiyarsa. Sai dai samun lamba dabam, samun siffa a zubin haruffan da ke kan kwamfutar mutum dabam, samun maɓalli a allon madannai kuma dabam, don haka aka shafe shekaru harafin da aka rubuta daidai yana fitowa a matsayin ɗan akwati fanko a allon mai karatu, abin da ya sa editoci da dama suka ga gara a bar ƙugiyar da a ɓata shafi. Wayar salula, wadda ta fara aiki gadan-gadan a Nijeriya a Agustan 2001, ta ƙara wa al'amarin nauyin aljihu: gajeren saƙo yana ɗaukar harafi 160 idan an tsaya kan jadawalin asali na GSM, amma da zarar harafi ɗaya daga wajensa ya shiga, kamar ƙ, sai iyakar ta sauko zuwa 70, saƙo guda ya koma biyu ko uku, a zamanin da ake biyan kuɗi kan kowane ɗaya. Tsara guda cur ta koyi rubuta Hausa a kan madannan da ba su san ƙugiya ba.

A yau wayoyin zamani da dama suna da allon madannai na Hausa da ake iya kunnawa cikin minti guda, amma ra'ayi ya rabu kan ko wahalar ta cancanta. Masu sassauci suna cewa boko bai taɓa nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, duk da cewa su ma suna raba ma'ana, kuma Bahaushe yana gane abin da ake nufi daga zubin jimla, don haka rashin ƙugiya ƙarin gishiri ne kawai a kan gibin da aka riga aka saba da shi. Hujjar tana da ƙarfi ga wanda ya tashi da harshen, amma tana raunana idan aka tuna da miliyoyin da suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, da yaron da ke koyon karatu, da kuma sabon mai karatu da magabata ba su yi tunaninsa ba, wato na'ura. Manhajar fassara, irin ta Google da ta shigar da Hausa a 2013, da manhajar da ke mayar da rubutu magana, suna koyo ne daga tarin abin da mutane suka rubuta, kuma idan kalma ɗaya ta zo musu a siffa huɗu, ƙasa da kasa da qasa da k'asa, ɗaya daga ciki kuma tana karo da wata kalma dabam, to abin da za su mayar wa jama'a ba zai fi abin da aka ba su tsabta ba. Kasancewar an riga an yi asarar karin sauti a rubuce dalili ne na riƙe abin da ya rage, ba na ƙara zubar da shi ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki irin wannan batu a matsayin na manufar gwamnati. Lokacin da aka nemi Sifaniya a farkon shekarun 1990 ta janye sharaɗin cewa allon madannai da ake sayarwa a ƙasar ya kasance da harafin ñ, a bisa hujjar 'yancin kasuwa a Turai, ta ƙi, ta kuma kare harafin da doka a 1993. Indiya ma a ƙarshen shekarun 2010 ta wajabta wa masu sayar da waya su sa harsunan ƙasar a cikinta. Hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, tana da ikon tantance nau'in na'urorin da ake shigowa da su, Nijar kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, don haka kafar yin irin wannan tana nan a ƙasashen biyu. Ajami ma, wanda ya fi boko daɗewa a bakin ƙofa, ya samu ƙarin haruffan da Hausa ke bukata a Unicode na 13 da ya fito a 2020. Uzurin na'ura dai ya ƙare, kuma jaridar Hausa ko ma'aikatar gwamnati da ta fitar da sanarwa babu ƙugiya a yau, ita ta zaɓi hakan.