Hamadar Tenere da Gishirin Balma: Tarihi a Ƙasar Zafi



Idan ana batun wurare mafiya zafi a doron ƙasa, masana kan fara da alƙaluma. Shekara casa'in ana ɗauka cewa garin Aziziya na ƙasar Libiya shi ne kan gaba, domin an ce ran 13 ga Satumba, 1922, zafinsa ya kai digiri 58 a ma'aunin Salshiyos. A 1922 aka auna, amma sai a 2012 Hukumar Yanayi ta Duniya ta soke wannan awo saboda kurakuran da ta gano, ta mai da kambun ga Kwarin Mutuwa na Amurka, inda aka sami digiri 56.7 ran 10 ga Yuli, 1913. To, mai nazarin tarihi ba ya tsayawa a kan ma'auni. Abin da ya dame shi shi ne yadda ɗan Adam ya rayu a irin waɗannan wurare, da abin da ya bari.

Mu ɗauki Tenere, wato rairayin da ke gabas da duwatsun Asbin a ƙasar Nijar. Da farko dai, ba haka take ba tun asali. A shekara ta 2000 masu bincike suka gano maƙabartar Gobero, suka tarar da kaburburan mutanen da suka zauna bakin tafki shekaru dubbai da suka wuce, tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. Da ruwa ya janye, mutane suka ƙaura, amma hanya ba ta mutu ba.

Abin da ya raya ta kuwa gishiri ne. Kowace shekara bayan damina, ayarin Buzaye na raƙuma dubbai yakan tashi daga Asbin, ya ratsa Tenere ta Faci zuwa Balma, madugu yana gaba yana duban taurari, ruwa yana cikin salka, harawar raƙuma kuma a kan bayansu, don babu ciyawa a hanya. Su kai gero, su komo da kantu da dabino, sa'an nan su gangaro ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Asbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata. Bature Heinrich Barth ma, bayan ya ziyarci Agadas a 1850, ayarin gishiri ya biyo zuwa kudu, ya shiga Kano a 1851.

Zamani ya taɓa wannan fatauci. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya hallaka raƙuma masu yawa, motoci kuma suka shigo. Akwai wata itaciyar ƙaya tilo a tsakiyar Tenere wadda ayari ke yi wa kallon alama, ba mai saran reshenta ko da wuta ta mutu a zango. A 1973 mota ta banke ta, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai.

Saboda haka, jama'a, wanda ya ce hamada ganuwa ce da ta raba mu da duniya bai karanta tarihinmu ba. Madugai kuwa suna ƙarewa, iliminsu yana cikin ƙirjinsu. Wajibi ne ɗalibanmu su je su same su, su rubuta, hukuma kuma ta ɗauki nauyin aikin tun kafin lokaci ya ƙure.