Fatalwar Montrose: Matuƙin Jirgin Da Aka Ɗora Wa Laifi Bayan Mutuwarsa

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Montrose, wani ƙaramin gari da ke bakin teku a gabashin Sikotland. A gefen garin akwai tsohon filin jirgin saman soja wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Wasu na zuwa kallon tsofaffin jirage da kakin mayaƙa, wasu kuwa labarin fatalwa ne ke kai su, domin fiye da shekara 100 ke nan ana cewa wani matuƙin jirgi da ya mutu yana gilmawa a wurin.

A watan Fabrairun 1913 aka kafa sansanin Montrose, kuma shi ne sansanin jiragen soja na farko da ya fara aiki a Birtaniya. Jirage biyar na runduna ta 2 ta Royal Flying Corps ne suka taso daga Farnborough da ke kudancin Ingila, suka yi kwana 13 suna yada zango kafin su iso. Jirgin wancan zamani katako ne da waya, an lulluɓe shi da ƙyalle, matuƙi kuma ba shi da lemar dira.

Cikin hafsoshin rundunar akwai Laftanar Desmond Arthur, ɗan ƙasar Ailan mai shekara 29. Da safiyar 27 ga Mayu, 1913, ya tashi da jirgi samfurin BE2 mai lamba 205. Yana sama a kusa da gaɓar Lunan sai fiffiken dama ya karye, jirgin ya kife, ɗamarar da ta riƙe shi a kujera ta tsinke, ya faɗo ƙasa ya mutu nan take. A maƙabartar Sleepyhillock da ke Montrose aka binne shi.

Kwamitin binciken haɗurra na ƙungiyar Royal Aero Club ya duba tarkacen jirgin. Sai aka tarar sandar katakon da ke riƙe da fiffiken ta taɓa karyewa, wani ya yi mata ɗori na ganganci, sannan ya rufe wurin da sabon ƙyalle don kada a gani. Wato dai rufa-rufar wani ce ta ci ran Arthur. Ba a gano mai ɗorin ba, maganar kuma ta lafa.

Bayan shekara uku sai ta sake tasowa. A 1916 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, matuƙan Birtaniya na mutuwa a Faransa, wasu ma tun a wurin koyo. Wani ɗan majalisa mai suna Noel Pemberton Billing ya miƙe a majalisar dokoki a Landan ya zargi hukuma da cewa sakacinta da rashin ingancin jiragenta ne ke kashe samarin. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Bailhache, haɗarin Arthur kuma na cikin abubuwan da aka duba. A watan Agustan 1916 kwamitin ya fitar da rahoton wucin gadi wanda ya wanke hukuma, laifi ya koma kan matuƙin, mutumin da ba shi da bakin kare kansa.

Bayan fitowar wannan rahoto ne aka fara ganin abin. A lokacin Montrose ta zama makarantar horar da matuƙa. Wani hafsa, Manjo Cyril Foggin, ya ce ya ga mutum sanye da kayan tuƙin jirgi ya nufi ƙofar gidan hafsoshi, da ya kai bakin ƙofar sai ya ɓace. Wasu suka ce sun farka cikin dare sun ga baƙo zaune kusa da murhun ɗakinsu. Labari ya bi bakin matuƙa daga sansani zuwa sansani. C. G. Grey, editan mujallar The Aeroplane, wanda ya san Arthur tun yana raye, shi ne ya dage cewa Arthur ne ya dawo saboda an ɓata masa suna, ya kuma matsa a sake duba batun. A ƙarshen 1916 rahoton ƙarshe ya fito ɗauke da bayanin da ya mayar da laifin kan mummunan ɗorin nan. Masu ba da labarin sun ce an sake ganin fatalwar a Janairun 1917, daga nan ta yi shiru.

Ko mutum ya yarda da fatalwa ko bai yarda ba, lissafin watannin nan abin dubawa ne. Shekara uku Arthur na kabari babu wanda ya ce ya gan shi. Sai da aka ɗora masa laifi aka fara ganinsa, da aka wanke shi kuma ya ɓace. Waɗanda suka ce sun gan shi malamai ne da ɗalibai da kullum suke hawa jirage irin nasa, suna binne abokansu. Kowannensu ya san idan fiffike ya karye da shi gobe, za a iya rubuta cewa shi ne ya yi tuƙin ganganci. Soja ba ya iya fitowa fili ya ƙaryata rahoton gwamnati, amma babu dokar da ta hana shi cewa ya ga wani abu da dare. A nawa ganin, labarin fatalwar ya ɗauki ƙorafin da tsarin soja ya hana a furta.

Filin ya sake aiki a Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 25 ga Oktoba, 1940, jiragen Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai, mutane suka mutu, gine-gine suka ƙone. An rufe shi a 1952, daga baya mutanen gari masu kishin tarihi suka tattara abin da ya rage suka buɗe gidan tarihin. Labarin bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Masu aikin sa-kai da baƙi na cewa suna jin takun ƙafa da ƙarar injin jirgi alhali sama babu komai. A 2010 jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa wata tsohuwar rediyo ƙirar Pye da ke wurin, wadda ba a jona ta da wuta ba, an ji tana fitar da jawaban Winston Churchill da kiɗan Glenn Miller. Irin waɗannan labarai na jawo 'yan kallo, sai dai babu wata shari'a a bayansu kamar ta 1916.

Darasin da ke nan gare mu shi ne, idan labarin ban tsoro ya zo hannunka, kada ka tsaya a kan tsoron kaɗai, kada kuma ka yi masa dariya ka wuce. Tambayi yaushe aka fara ba da shi, su wa suka fara, kuma me ke damunsu a lokacin. Wanda ya bi sawun fatalwar Montrose da waɗannan tambayoyi zai tarar da karyayyar sanda da aka rufe da ƙyalle, da rahoto biyu masu karo da juna, da samari masu fargabar a yi musu abin da aka yi wa Arthur.

Wane labarin fatalwa kuka taso kuna ji a unguwarku, kuma kun taɓa bincika shekarar da ya fara? Sai mun haɗu mako mai zuwa.