In Ta Kama Hassan, A Duba Hussaini

Kumburin babbar jijiyar jini ta ciki cuta ce mai ɓuya. Sau da yawa ba a saninta sai jijiyar ta fashe. Ita ce ajalin Albert Einstein a 1955. A 1977 wata mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya ta kawo labarin 'yan'uwa maza uku da ta fashe musu, aka soma zargin gado. A 2010 binciken tagwayen Suwidin ya nuna cewa in ta kama ɗaya cikin tagwaye masu kama ɗaya, yiwuwar ta kama ɗan'uwansa ta kai kashi 24 cikin 100.

Don haka in an gano ta ga Hassan ɗinku a nan Hayin Banki, kada ka jira ciwo. Kai Hussaini asibiti a yi masa hoton ciki, ya bar sigari, ya kula da hawan jini.