Yuri on Ice: Katun ɗin Japan kan wasan zamiya a ƙanƙara

Yuri on Ice wani shirin katun ne na ƙasar Japan mai kashi 12, wanda kamfanin MAPPA ya shirya, gidan talabijin na TV Asahi kuma ya nuna daga watan Oktoba zuwa Disamba na 2016.

Sayo Yamamoto ce ta ba da umarni, Mitsuro Kubo kuma ta rubuta labarin.

Shirin ya ta'allaƙa ne kan wasan zamiya a ƙanƙara, inda ɗan wasa ke sanya takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, yana tsalle da juyi daidai da kiɗa, alƙalai na ba shi maki.

Labarin

Yuri Katsuki, ɗan shekara 23, ya koma gidan iyayensa cike da takaici bayan ya zo na ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar Grand Prix.

Yana tunanin barin wasan ne sai wani faifan bidiyonsa ya bazu a intanet, yana kwaikwayon Victor Nikiforov, ɗan Rasha da ya zama zakaran duniya sau biyar.

Ganin faifan ya sa Victor ya jingine nasa wasan, ya taso har Japan domin horar da shi.

Victor dai bai taɓa horar da kowa ba, shi kuwa Yuri ba gwaninta ya rasa ba, fargaba ce ke kayar da shi a gaban jama'a. Wannan ɓangare shi ne mafi ƙarfi a shirin, domin malamin ma kuskure yake yi yana gyarawa.

A ƙarshe, a birnin Barcelona, Yuri ya samu lambar azurfa, yayin da Yuri Plisetsky, ɗan Rasha mai shekara 15, ya ɗauki zinariya.

Ba na yara ba ne

Dangantakar mutanen biyu ta wuce ta malami da ɗalibi. An nuna ta a matsayin soyayya tsakanin maza biyu, har da musayar zobe a kashi na 10.

Don haka duk da cewa zane ne, matasa da manya aka yi wa shi, abin da ya kamata iyaye su sani.

Karɓuwa

Tsohon ɗan wasa Kenji Miyamoto ne ya tsara rawar da ake gani, lamarin da ya ja hankalin ƙwararru irin su Evgenia Medvedeva ta Rasha.

A gasar Olympics ta hunturu ta 2018 a Koriya ta Kudu, 'yan Japan Miu Suzaki da Ryuichi Kihara sun yi wasa da kiɗan shirin.

A 2017 aka sanar da shirin yin fim mai suna Ice Adolescence, amma bayan jinkiri na shekaru, kamfanin MAPPA ya soke shi a watan Afrilun 2024.