Horon kare kai: abin da fagen kokawa ke iya bayarwa a Kalmalo

Samarin Kalmalo sun taso da kokawa. Garin na ƙasar Illela ne, dab da Birnin Ƙonni, kuma a hayin iyaka kokawa ce wasan da ya fi farin jini, har Nijar ta kafa gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975. Shin wannan gwaninta tana fid da mutum ranar da aka tare shi a hanya?

Tana taimakawa, don abokin karawa ba ya sassautawa. Wanda aka kama wa ƙugu, aka sa masa ƙafa, ya ji numfashinsa na yankewa amma ya ƙi faɗuwa, jikinsa ya koyi aiki cikin firgici. Horon da ake yi da abokin da ke faɗuwa da an taɓa shi ba ya koyar da haka; ranar tsoro hannu na rawa, dabarun da aka haddace su gudu, sai ɗan abin da jiki ya saba. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, ya gane wannan: ya ware kamu masu haɗari domin ɗalibai su riƙa gwabzawa da dukkan ƙarfinsu.

Sai dai fage yana da alƙali da doka, mutum ɗaya ake fuskanta, hannu wofi. Hanyar kasuwa ba ta da ko ɗaya, kuma 'yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato a kan babura suke zuwa. A nan kaye ba shi da amfani. Ɗan kokawar da ya yarda da ƙarfinsa ma yana iya tsayawa inda ya kamata ya ruga.

Wani bincike da Charlene Senn ta jagoranta a jami'o'in Kanada, aka buga a 2015, ya nuna inda nauyin horon kare kai yake. An ba ɗalibai mata horon awa 12, fyaɗe ya ragu da kusan rabi cikin shekara guda. Kashi ɗaya cikin huɗu kacal aka ware wa duka da kuɓucewa. Yawancin sauran ya tafi ne kan gane haɗari da wuri, musamman daga wanda aka sani, da kawar da nauyin baki da ke hana yarinya ɗaga murya.

A ganina wannan ɓangaren ne ya fi ƙaranci a wajenmu, inda ake tarbiyyar 'ya mace kan kunya da kawaici, ba kuma a sa ta a fage.